Farfesa Nketia: Dattijon Madina da Ya Kai Ganga Jami'a

Ranar 13 ga Maris, 2019, Farfesa Joseph Hanson Kwabena Nketia, masanin kiɗan Afirka, ya rasu a asibitin Legon yana da shekara 97. Gwamnatin Gana ta yi masa jana'izar ƙasa a watan Mayu, har jaridar New York Times ta Amurka ta buga tarihinsa. Amma a nan Madina ta Gana, inda gidansa yake, in ka tsaya a Zango Junction ka ambaci sunansa, samari za su dube ka shiru. Ka ce musu kakan M.anifest ne, mawaƙin nan, nan take fuska za ta washe. Ni ban taɓa zama ajinsa ba, kuma addininmu ba ɗaya ba ne, shi Kirista ne ɗan cocin Presbyterian. Sai dai maƙwabci yana da haƙƙi, kuma rayuwar wannan dattijo tana da abin da ya shafe mu, mu mutanen Zango, fiye da yadda muke zato.

An haife shi ranar 22 ga Yuni, 1921, a Mampong ta ƙasar Tonawa. Garin yana kan tsohuwar hanyar da ta taso daga Kumasi ta bi Atebubu ta nufi Salaga, kasuwar da a da fatakenmu suke sayen goro su kai Kano. Mahaifinsa ya rasu yana ƙarami, sai ya tashi a hannun mahaifiyarsa da danginta. Mutane ne da ba su yi boko ba, amma waƙoƙin gargajiya cike da bakinsu. Da ya shiga kwalejin horar da malamai ta Akropong ya iya rubutu sosai, abin da ya fara yi da alƙalaminsa shi ne rubuta waƙoƙin da yake ji wurin tsofaffin gida. Wata masaniyar harsuna 'yar Ingila, Ida Ward, ta ga wannan aiki, ta buɗe masa hanyar tafiya Landan a 1944, inda ya karanci ilmin harshe da na kiɗa. Wato waƙar tsofaffi ce ta biya masa kuɗin jirgi.

Akwai shawarar da Ephraim Amu, babban mai tsara waƙoƙin Gana, ya ba shi tun yana saurayi: kada ya kwaikwaye shi, ya tafi wurin makaɗan gargajiya ya koya daga bakinsu. Ya riƙe wannan magana da hannu biyu. A 1952 Kofi Busia, wanda daga baya ya zama firaminista, ya ɗauke shi aikin bincike a jami'ar da ta zama Legon ta yau. Daga nan ya shiga ƙauyuka da na'urar ɗaukar murya mai faifan zare, kudu da arewa, yana zama da makaɗa da masu waƙar makoki. A 1955 ya fitar da littafi kan waƙoƙin makokin Akan, al'ummar da Tonawa suke cikinta, a 1963 wani kan kiɗan gangunansu, sannan a 1974 The Music of Africa, wanda aka daɗe ana koyarwa da shi a jami'o'in duniya.

Me ya gano? Bahaushe ba zai sha wahalar fahimta ba. Tonanci harshe ne mai karin sauti, murya ta hau ta sauka ma'ana ta sauya, kamar Hausa. Tonawa suna da ganguna biyu da suke kira atumpan, ɗaya mai kauri ɗaya mai siririyar murya. Makaɗi yana bin hawa da saukar magana a kansu, sai wanda ya san harshen ya ji kirarin sarki ko sunayen kakanni. Haka mai kalangu yake matse tsarkiya a hammata ya saki, ya kira mutum da takensa ba tare da ya buɗe baki ba. Turawa da yawa sun ɗauki kiɗan Afirka hayaniya ce ta rawa kawai. Nketia ya nuna musu a rubuce cewa yana da ƙa'ida, yana ɗauke da tarihi, kuma ba a raba shi da taron da ake yinsa: suna, aure, naɗi ko mutuwa.

Ba a tarbi aikin da tafi ba. A Legon, ɗaliban sauran fannoni sun laƙaba wa karatun kiɗa da rawa suna dondology, don ba'a, daga dondo, 'yar'uwar kalangu da ake kaɗa mana a bukukuwan aure. Mutumin da ake yi wa fanninsa dariya shi ne ya zama ɗan Afirka na farko da ya shugabanci Cibiyar Nazarin Afirka, wadda Kwame Nkrumah ya buɗe a watan Oktoba na 1963. Ya riƙe ta daga 1965 zuwa 1979. Ya koyar a jami'ar Kalifoniya da ke Los Angeles da ta Pittsburgh, kuma da ya yi ritaya a can bai zauna Amurka ba. Ya dawo gida a farkon shekarun 1990 ya kafa cibiyar kiɗa da rawar Afirka a Legon.

Wannan Cibiya ta Nazarin Afirka tana riƙe da amanarmu. A can aka tara rubuce-rubucen Larabci da na ajami daga hannun malaman Gana, har da na Alhaji Umaru, haifaffen Kano da ya zauna Salaga ya rasu a Kete-Krachi a 1934. A zamanin shugabancin Nketia kuma, a 1967, Cibiyar ta buga binciken da aka yi kan Madina kanta, lokacin garin bai cika shekara goma ba da kafuwarsa a hannun Alhaji Seidu Kardo da jama'arsa a 1959. Daga tashar Madina zuwa ƙofar Legon tafiyar motar haya ta trotro ɗaya ce, ka wuce Atomic Junction ka sauka. Mu nawa ne muka taɓa zuwa mu ce a nuna mana?

Sai batun gida, wanda a wurina shi ne ma'aunin dattijo. Manyan masana da yawa sun haskaka duniya sun bar ɗakinsu cikin duhu. Shi kuwa 'yarsa Akosua Adoma Perbi ta zama farfesar tarihi a Legon, ta rubuta littafi a 2004 kan tarihin bauta a cikin ƙasar Gana. Wata 'yar tasa, Priscilla Naana Nketia, lauya ce kuma mai wa'azin coci, ita ce mahaifiyar M.anifest. Yaron ya tashi a Madina kusa da kakansa, cikin littattafai da faya-fayai, ya je Amurka karatu, ya dawo yana waƙar zamani. Kakan bai ce masa wannan ba kiɗa ba ne. Akwai fim ɗin da aka ɗauke su tare suna tattauna sana'ar, tsoho da jika. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. A 2021 jikan ya sa wa kundin waƙoƙinsa suna Madina to the Universe.

Na san wasu za su ce ina ruwan Musulmi da kiɗa. Hukuncin wannan na malamai ne, na bar musu. Abin da nake nufi ya fi kiɗa faɗi. Kakata tana da wata waƙa da take yi in tana tace gasarar koko da asuba, zane ɗaure a ƙirji, hannu cikin ƙwarya. A ciki tana jero garuruwan da iyayenta suka yada zango tun daga arewa har suka iso bakin teku. Ta rasu, waƙar ta bi ta. Yau ko cikin jikokinta babu mai iya kawo baiti biyu a jere. A unguwannin Nima da Maamobi da Sabon Zango akwai irinta da yawa: tsofaffin da suka san waƙar sa amarya a lalle, maroƙan da suka haddace salsalar sarakunan Zango, dattawan da suka ga Madina tana daji.

Nketia ya yi nasa aikin da na'ura mai nauyi da hanyoyi marasa kwalta. Mu kowa yana da waya a aljihu. Ranar Juma'a bayan an sauko, a je a gai da Hajiya, a roƙe ta ta yi waƙar, a ɗauka. A rubuta sunanta da garin iyayenta da ranar da aka ɗauka, a tura wa 'yan'uwa, kada ta kwana a waya ɗaya.