Daga Bakin Daga Zuwa Filin Ƙwallo

A Janairun 1970 yaƙin basasar Najeriya ya ƙare, kuma shekarar ba ta fita ba sai da aka kafa ƙungiyar ƙwallon Rangers ta Enugu. Jerry Enyeazu, wanda ya yi soja a ɓangaren Biyafara, shi ya tattaro samarin. Cikinsu akwai waɗanda ba su daɗe da ajiye bindiga ba.

Wasu na danganta saurin tashin ƙungiyar da horon soja: juriya, da bin umarni, da rashin tsoron karo. Akwai gaskiya a ciki, amma ni ban ga ta isa ba. Sojojin tarayya sun kai kusan 250,000 a ƙarshen yaƙin, Depot na Zariya na ta yaye kurata, barikoki kuma suna da ƙungiyoyinsu, duk da haka ba wadda ta kama ƙafar Rangers. Abin da ya bambanta ta shi ne jama'ar da ke bayanta. Mutum ne aka ci da yaƙi, ya je banki aka miƙa masa fam 20 komai yawan ajiyarsa. Filin ƙwallo kaɗai ya rage masa inda zai kara da Legas ko Ibadan, alƙali na tsaye, doka ɗaya ga kowa. Ɗan kasuwar da ya bar Sabon Garin Zariya a 1966, ya dawo yana sake buɗe rumfa da ɗan guntun jari, in ya kara rediyo a kunne ranar wasa, mutuncinsa yake saurare.

Rangers ta ci Kofin Ƙalubale sau uku a jere, 1974 zuwa 1976, ta ɗauko kofin Afirka a 1977 bayan ta doke Canon ta Yawunde. Arewa ma ba ta kwanta ba: Mighty Jets ta Jos ta ci gasar ƙasa a 1972, Raccah Rovers ta Kano a 1978. Shekara goma da gama yaƙi, Shehu Shagari ya miƙa Kofin Ƙasashen Afirka ga kyaftin ɗin Najeriya, Christian Chukwu na Rangers.

Abin da ke damuna shi ne makomar 'yan wasan. Yaƙi ya katse wa tsararsu karatu, ƙwallo kuwa ba ta da fansho. Chukwu kansa, da ciwo ya kwantar da shi a 2019, sai da attajiri Femi Otedola ya biya kuɗin jinyarsa a Landan. Chukwu ya rasu a Afrilun 2025.