Ba Sanyi Ne Ke Cin Gaɓɓan Ba

Idan mace ta wayi gari yatsunta a kumbure, ta kasa riƙe ludayi sai hantsi ya dubi bango, 'yan uwa kan yanke hukunci nan take: sanyi ne ya shige ta, ko daga wanki, ko daga kwana a kan siminti. Maganar ba ta rasa ɗan tushe ba, don masu ciwon da dama kan ce sun fi jin jiki da hunturu. Amma sanyi ba ya haddasa amosanin gaɓɓai irin wanda likitoci ke kira rumatoyid. Gaɓar ma in aka taɓa ta, ɗumi ake ji.

Ɗumin nan daga garkuwar jiki yake. Kowace gaɓa na da siririn shimfiɗi a ciki, mai samar da ruwan da ke hana ƙasusuwa gogar juna. A wannan ciwo fararen ƙwayoyin jini kan yi dafifi a wurin, suna aika wa juna saƙo ta wasu sinadarai, manyansu TNF da IL-6. Saƙon ya kira ƙarin ƙwayoyi, su ma da isowarsu su saki nasu. Shimfiɗin ya yi kauri, ya hau guringuntsi yana ci, ƙwayoyin da aikinsu rushe tsohon ƙashi kuma su koma kan lafiyayye.

Marc Feldmann da Ravinder Maini na Cibiyar Kennedy da ke Landan ne suka gano jagoran wannan hayaniya. A ƙarshen shekarun 1980 sun raini ƙwayoyin gaɓɓan marasa lafiya a ɗakin gwaji, da suka toshe TNF sai wani sinadarin mai suna IL-1 ya ja baya shi ma. A 1992 aka gwada maganin toshe TNF a kan mutum 20, kumburi ya sauka. Shi ne infliximab na yau.

Cewa ciwon tsofaffi ne, wannan ruɗe ne da zaizayar gaɓɓai da shekaru ke kawowa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum miliyan 18 ke da rumatoyid a 2019, kusan kashi 70 cikin ɗari mata ne, kuma kusan rabinsu ba su haura shekara 55 ba. Ba a ɗaukarsa a wurin wani. Gado na da hannu, taba sigari ma haka, ita ce kuwa ba a cika ambata ba.

Jita-jitar da ta fi yin ɓarna ita ce ta kemis: an sha haɗi, ciwo ya lafa, ai an warke. Diclofenac da danginsa na rage zogi, amma ba sa hana gaɓa lalacewa. Prednisolone kuwa da gaske yana kwantar da kumburi. Irinsa Philip Hench ya fara bai wa wata maras lafiya a asibitin Mayo na Amurka a 1948, ta miƙe ta taka cikin 'yan kwanaki, ya samu kyautar Nobel a 1950. Ba a daɗe ba likitoci suka ga abin da yawan shan sa ke jawowa: ciwon suga, hawan jini, kumburin fuska da raunin ƙashi.

Maganin da likitoci kan fara da shi shi ne methotrexate, sau ɗaya a mako, ba kullum ba, kuma mai ciki ba ta shan sa. Ba ya kawar da ciwon har abada, amma in an fara da wuri yakan lafa ƙwarai. Masu toshe TNF suna da tsada, suna kuma iya tayar da tarin fuka da ke kwance a jiki, tunda da TNF jiki ke killace ƙwayar cutar. A ƙasa irin Najeriya, inda tarin fuka ya yawaita, sai an yi gwajinsa kafin allurar farko.