Yadda Kwamfuta Ke Gano Ƙofarta Kafin Ta Tashi

Ka kunna kwamfuta a ɗakin gwaji na makaranta, sai allo ya tsaya baƙi ƙirin da rubutu layi ɗaya: "Missing operating system". Nan take hankali ya tashi, a ce aikin zango duka ya goge. Sau da yawa ba haka ba ne. Kayan suna nan, kwamfutar ce ta kasa gano ƙofar shiga.

Faifan ajiya kamar gida ne da aka raba ɗaki-ɗaki, Windows ko Linux na zaune a ɗaya daga ciki. Lokacin da aka kunna, ba su farka ba tukuna. Wadda ke fara aiki ita ce BIOS, 'yar manhajar da aka dasa a kwamfutar tun daga masana'anta. Ita ke karanto sashen farko na faifan, wanda ake kira MBR, tsarin da ya fito a 1983 tare da PC DOS 2.0.

Girman MBR bayit 512 ne kacal, wato kusan haruffa 512. Bayit 446 na farko umarnin tayar da kwamfuta ne. Sai 64 na jerin ɗakuna huɗu, kowanne da 16. Biyun ƙarshe hatimi ne, 55 da AA, shaidar cewa sashen na tayarwa ne.

Umarnin nan kan bi ɗakunan ɗaya bayan ɗaya, yana duba bayit ɗin farko na kowanne. Mai alamar 00 a wuce shi, mai alamar 80 shi ake nema. Sai ya duba inda ɗakin ya fara, ya karanto sashensa na farko, ya miƙa masa ragama. Idan wannan sashen ba shi da hatimi, saƙon nan mai tayar da hankali ke fitowa.

Kwamfutocin yanzu galibi suna amfani da UEFI da tsarin GPT, mai ɗaukar ɗakuna 128. A nan ana neman wani ƙaramin ɗaki na musamman ne mai suna EFI, amma aikin ɗaya ne.

Saboda haka in ka ga wannan saƙo, kada ka yarda a yi gaggawar goge faifan. Ka sanar da malamin kwamfuta, a tayar da ita da filas, a kwashe ayyukanku tukuna, sannan a gyara ƙofar.