Tsire-tsire masu yaɗo da ƙurar gari: misalin Gamu

1. Gabatarwa

Bahaushe yana rarrabe ƙura da hazo da hayaƙi, alhali masana kimiyya suna tara su ƙarƙashin kalma guda, wato gurɓatar iska. A cikin wannan ɗan rubutu, za mu duba yadda tsire-tsire masu hawa bango ke rage wannan gurɓata, sannan mu auna ko dabarar za ta dace da gari kamar Gamu, cikin gundumar Gure, jihar Damagaram.

2. Yadda ganye ke tace iska

Ganye yana aiki ta hanya biyu. Da farko, ƙwayoyin ƙura suna maƙalewa bisa fatarsa, musamman in tana da kaushi ko gashi, har ruwan sama ya wanke su zuwa ƙasa. Na biyu, ƙananan kafofin da ganye ke numfashi da su suna shanye wani ɓangare na iskar da ke fita daga injin mota. A shekara ta 2012, masu bincike na jami'ar Lancaster, a Ingila, sun lissafa cewa a cikin matsattsen titi, bangon da ganye ya lulluɓe yana iya rage wannan iska da kashi 40 cikin 100, ƙwayoyin ƙura kuma da kashi 60. Sai dai mu lura, lissafi ne na kwamfuta, kuma don biranen Turai aka yi shi.

3. Halin da Gamu ke ciki

A nan motoci kaɗan ne. Babbar matsala ita ce hazon hunturu, wanda iskar arewa maso gabas ke kwasowa daga kwarin Bodele na ƙasar Cadi, tare da rairayin tuddan yankin Gure da hayaƙin murhu. Lokacin ne tari da ciwon ido ke yawaita, kuma cikin wannan rani ne sanƙarau ke ɓulla.

Mutane sun daɗe da sanin duma da soso da garahuni bisa danga. Amma waɗannan na damina ne: suna bushewa daidai lokacin da ƙura ke tasowa. Yaɗiya kuwa tana riƙe ganyenta da rani, ba ta buƙatar ban ruwa mai yawa, ana kuma cin ganyenta.

4. Kammalawa

Ganye ba ya tsayar da hazon da ya rufe sararin sama. Iyakarsa rage ƙurar da ke shiga tsakar gida. Bugu da ƙari, bangon laka ba ya son laima, gara da macizai kuma suna son duhuwa. Saboda haka, a ganinmu, gara a ɗora yaɗiya bisa danga ko igiyoyi, da ɗan rata daga bango, ta gefen da iskar hunturu ke bugowa.