Mece ce GAFCON, kuma a kan me ake jayayya?

Duk sa'ad da aka kawo labarin rikicin Cocin Angilikan, sai an ambaci GAFCON. Ƙungiya ce ta bishop-bishop da mabiyan Angilikan masu riƙe da tsohuwar koyarwa. An kafa ta a birnin Ƙudus a 2008, kuma Akbishop Peter Akinola na Najeriya yana cikin jagororinta a lokacin.

Tambaya guda ce ta haife ta: Kirista yana da ikon cewa bai yarda da wani sashe na Littafi Mai Tsarki ba? GAFCON ta ce sam, Littafin ne alƙali, coci mai biyayya ce kawai. Wasu a Amurka da Ingila kuwa sun ce akwai ayoyin da zamaninsu ya wuce, kuma a 2023 Cocin Ingila ta amince a sa wa ma'aurata 'yan jinsi ɗaya albarka. Cocin Najeriya ta yi tir da hakan.

Sai dai a lura, saɓani kan fassara daban, ƙin aya daban. Kiristoci sun daɗe suna muhawara kan baftismar jarirai da limancin mata, kowa da ayarsa, ba wanda ya ce Littafin ya yi kuskure. A ganina nan ne gizo ke saƙar.

Abin ya shafi ɗan Angilikan na Ƙofar Kaura a Katsina kai tsaye, domin Dayosis ɗin Katsina yana ƙarƙashin Cocin Najeriya, wadda har yanzu ba ta naɗa mace firist.