Ta Ina Furotin Ya Bi?

A 1974 Robert Langer ya kammala digirin digirgir a injiniyancin sinadarai a jami'ar MIT. Kamfanonin mai na ta zawarcinsa, amma ya juya musu baya ya nufi asibitin yara na Boston, wurin Dokta Judah Folkman, mai neman hanyar hana ciwon daji janyo jijiyoyin jinin da ke ciyar da shi.

Gwajin wannan hanya na buƙatar ɗan guntun roba da za a dasa a idon zomo, ya riƙa sakin furotin kaɗan-kaɗan na tsawon makonni. Masana kuwa sun riga sun yanke hukunci: ƙananan sinadarai kaɗai ke ratsa roba, furotin ya yi girma. Langer ya narkar da wata roba mai suna EVA, ya cuɗa ta da garin furotin, ya busar, ya tsoma a ruwa. Sai ga furotin yana fitowa, har fiye da kwana 100. Suka wallafa a mujallar Nature a 1976, aka ƙi yarda, aka yi watsi da buƙatunsa tara na farko na kuɗin bincike. Ni dai ban ga laifin masu shakka ba, domin shi kansa bai iya faɗin hanyar ba.

Alamar farko daga garin furotin ta zo. In ƙwayoyinsa sun yi tsaki-tsaki, ko an zuba da yawa, fitar sai ta ƙara sauri. Da a ce jikin robar furotin ke ratsawa, ina ruwan girman gari?

Sai Langer da abokan aikinsa suka daskarar da robar, suka yanka ta siri-siri, suka sa a madubin ƙara girma. Wadda ba a sa mata komai ba sumul take, ba huda. Wadda aka cuɗa, curin furotin ne birjik a cikinta. Wadda ta gama aiki kuwa, duk inda curi ya zauna rami ne, ramukan kuma a haɗe ta 'yan ƙananan maƙogwaro.

Ashe ruwa ke narkar da curin da ke baki, ya bar kafa, ya kai ga na ciki. Furotin bai taɓa ratsa robar ba, lungu yake bi, mai murɗiya irin na cikin tsohon birni, shi ya sa tafiyar ke cin watanni. Daga nan saurin fita ya koma hannun injiniya: ya sauya girman gari ko yawansa, ya tsara kwanakin da magani zai yi a jiki.