Garantin Janareta: Awoyi Ake Ƙirgawa, Ba Shekaru Kaɗai Ba

Gidan da ya dogara da sola kacokan, babu wayar NEPA ko ta nuni, ba ya rasa janareta a gefe. Idan hadarin Agusta ya rufe sama kwana uku a jere, ko hazon hunturu ya lulluɓe farantan sola, batir zai yi ƙasa, dole a tayar da inji a cika shi. A nan ne maganar garanti take cin mutane.

Masu ƙera janareta sun karkasa shi bisa irin aikin da zai yi. A ƙa'idar ISO 8528, injin ko-ta-kwana an tsara shi ne ya yi aikin da bai wuce awa 200 a shekara ba, wato ya riƙe gida kafin a dawo da wuta. Na aikin yau da kullum kuwa ba a ƙayyade masa awoyi ba, muddin matsakaicin nauyin da yake ɗauka bai haura kashi 70 cikin 100 na ƙarfinsa ba. To, mai cajin batir awa uku kullum, kafin kwana 70 ya cinye rabon shekara na injin ko-ta-kwana. Ga shi cajin batir aiki ne mai nauyi, don inbata na jan wuta ba sassauci daga farko har batir ya kusa cika.

Shi ya sa kamfanoni da dama ke rubuta cewa garantinsu bai shafi gidan da ba ya kan layin wuta ba, wasu kuma su rage wa'adin. A Amurka, sai da kamfanin Generac ya fitar da samfuri na daban, EcoGen, don irin waɗannan gidaje. Inda aka rubuta shekaru da awoyi tare a garanti, wanda ya riga cika shi ne ƙarshen zance.

A kasuwanninmu abin ya fi ciwo, domin galibi garantin na baka ne: "Alhaji, in ya ba da matsala dawo da shi." Ranar da koyil ya ƙone, sai a ce an yi masa lodi fiye da kima. Dokar kare haƙƙin masu saye ta 2018, wadda ta kafa hukumar FCCPC a Najeriya, tana bayan mai saye, amma da wace hujja zai kai ƙara in babu takarda?

Kafin a biya kuɗi, a gaya wa dila ƙarara cewa injin cajin batirin sola zai yi, a sa shi ya rubuta hakan a rasit tare da lambar inji da wa'adin garanti. A kuma ajiye littafin da ake rubuta awoyin aiki da ranar juyen baƙin mai da wanke filta, don ƙurarmu tana toshe filta da wuri, kuma rashin shaidar sabis kaɗai ya isa a hana gyara kyauta.